Enzayim na Ƙananan Halittu: Daga Daddawar Kasuwar Kawo Zuwa Ciwon Sammore

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu kayan miya a Kasuwar Kawo ranar Talata, ko a Babbar Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ba sai an nuna masa inda masu daddawa suke ba, hancinsa zai kai shi. Amma da za a ba shi ɗanyar kalwa ya shinshina, ba zai ji komai ba. Ga ta da tauri kamar tsakuwa, ba ta taunuwa, ba kuma ta miya. Dafuwa takan tausasa ta, amma dafuwa kaɗai ba ta mai da ita daddawa. Sai an rufe ta kwana biyu ko uku, sannan launi ya sake, ƙamshi ya tashi, ɗanɗano ya zo. Wa ya yi wannan aiki a cikin rufaffen kwando?

Tafiyar 'yan kilomita kaɗan daga Kawo, a kan titin Surame da ke Unguwar Rimi, akwai Cibiyar Binciken Ciwon Barci da Sammore ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NITR. Ɗaya daga cikin tambayoyin da masu irin wannan bincike suka daɗe suna yi ita ce: me ya sa saniyar da sammore ya kama jininta ke ƙarewa, alhali ba a yanke ta ba, ba ta kuma zubar da jini ta ko'ina?

Amsar tambayoyin nan biyu ɗaya ce, watau enzayim da ƙananan halittu ke ƙerawa. A wannan darasi za mu duba abin da ake nufi da enzayim, da yadda ƙirarsa take, da yadda ƙirar ke haifar da aikinsa, da kuma dalilin da ya sa ake samun irinsa daban-daban ko da a tsakanin halittu 'yan gida ɗaya.

Mene ne enzayim?

Ƙananan halittu su ne masu rai waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin ƙara girma. Daga cikinsu akwai bakteriya, da yisti na burodi, da funfuna, da kuma irin su tirifanosoma mai haddasa sammore. Ba su da baki, ba su da haƙori, ba su da tumbi. Duk abin da za su ci ko su gina, da sinadarai suke yinsa, kuma mafi muhimmancin sinadaran nan su ne enzayim.

Enzayim sinadari ne mai gaggauta sauyi. Sauyin da zai ɗauki shekaru in an bar shi, enzayim kan sa ya auku cikin ƙiftawar ido, shi kuwa ya fito yadda ya shiga. Aikinsa ya yi kama da na dillalin shanu a Zangon Tudun Wada. Mai saye da mai sayarwa suna iya yini suna zagaya juna, amma da dillali ya shiga tsakani sai ciniki ya faɗa, ya juya ya nemi wasu. Bambancin kawai shi ne enzayim ba ya karɓar la'ada, kuma saurinsa ya wuce misali. Ƙwaya ɗaya ta wani enzayim mai suna katales tana iya farfasa miliyoyin ƙwayoyin haidurojin feroksaid a cikin daƙiƙa guda.

Wani masani Bajamushe mai suna Wilhelm Kühne ne ya raɗa wannan suna a shekarun 1870, daga kalmomin Girkanci masu nufin abin da ke cikin yisti. A lokacin ana zaton sai yisti yana da rai sannan zai iya juya sukari. A 1897 Eduard Buchner ya niƙe yisti ya tace ruwansa, ya nuna cewa ruwan kaɗai, ba tare da ƙwaya mai rai ko ɗaya ba, yana juya sukari ya fitar da iska. A 1926 kuma James Sumner a Amurka ya tace wani enzayim tsantsarsa ya tabbatar da cewa furotin ne, watau dangin sinadarin da ke gina jiki wanda muke samu a nama da wake da ƙwai.

Akan raɗa wa enzayim suna daga abin da yake yi wa aiki. Mai farfasa furotin shi ne furotiyes. Mai farfasa sitaci shi ne amiles. Mai farfasa maiƙo shi ne laifes. Kowanne da sana'arsa, kuma ba ya shiga ta wani.

Abin da ke faruwa a kwandon daddawa

Mai yin daddawa takan tafasa kalwar ɗorawa na tsawon sa'o'i masu yawa har ɓawon ya yi laushi. Sai ta surfe ta a turmi, ta wanke, ta sake dafawa, ta tsane ruwan, ta juye a kwando ko ƙwarya da sauran zafinta, ta rufe ruf. Doguwar dafuwar nan tana kashe yawancin ƙananan halittu. Amma akwai wata bakteriya mai suna Bacillus subtilis, wadda idan ta ji wuya takan dunƙule cikin wani ƙwanso mai tauri ta yi kamar ta mutu. Irin wannan ƙwanso yana jure zafi ƙwarai, yana kuma nan maƙale a jikin kwando da ƙwarya da ganyen rufi. Da kalwar ta huce zuwa ɗumi, sai bakteriyar ta farfaɗo ta tarar fili nata ne. Binciken da Farfesa S. A. Odunfa ya yi a Jami'ar Ibadan a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa ita ce jagaba a wannan aiki, a daddawar Hausawa da irinta ta Yarabawa da suke kira iru.

Furotin da ke cikin kalwa ya fi ƙarfin bakteriya ta haɗiye shi. Saboda haka sai ta tsarto furotiyes waje, ya daddatsa furotin ɗin ƙanana-ƙanana, ita kuma ta tsotse. Daga cikin gutsattsarin akwai wani amino asid mai suna gulutamet, wanda shi ne ke ba miya wannan zaƙi na musamman. Shi ne dai sinadarin da ke cikin dunƙulen magi, sai dai kakanninmu sun riga masana'antu samun sa. Ƙarfin warin kuwa ya samo asali ne daga iskar amoniya da wasu sinadarai da ke fita yayin da bakteriyar ke cin amino asid. Amoniyar takan sa kalwar ta koma ɓangaren kanwa maimakon ɓangaren tsami, wannan kuma yana hana wasu ƙananan halittu da yawa sakewa. Haka Japanawa ke yin wani abinci nasu mai suna natto da waken suya, da taimakon wannan bakteriya.

Ƙirar enzayim

Babban furotiyes na Bacillus subtilis sunansa sabtilisin, yana kuma daga cikin enzayim da masana suka fi sani ciki da waje. Bari mu yi nazarin ƙira da shi.

Kowane furotin jeri ne na amino asid, kamar duwatsun carbi a zare. Amino asid iri 20 ne ake gina furotin da su. Wasunsu suna son ruwa, wasu suna gudun ruwa kamar mai, wasu kuma suna ɗauke da cajin lantarki da ke sa su jawo juna ko su ture juna. Zaren sabtilisin yana da duwatsu 275. Ba ya zama a miƙe. Da zarar an gama ƙera shi sai ya nannaɗe, masu gudun ruwa su shige ciki, masu son ruwa su tsaya a waje, har ya zama wani dunƙule mai siffa takamaimai. Duk sabtilisin iri ɗaya haka yake naɗewa, ba ya kuskure, domin jerin duwatsun shi ke yanke yadda naɗin zai kasance.

A jikin dunƙulen akwai wani ɗan kwarmi, a nan ne ake aikin. Amino asid uku ne ke riƙe da wuƙar: aspatet na lamba 32, da histidin na lamba 64, da sirin na lamba 221. Mai karatu ya lura da lambobin nan. A kan miƙaƙƙen zare, tsakanin na 64 da na 221 akwai duwatsu sama da 150, amma naɗin ya kawo su kafaɗa da kafaɗa a cikin kwarmin. Idan zaren furotin na kalwa ya shigo, aspatet yakan daidaita histidin, histidin ya zaburar da sirin, sirin kuma ya sari mahaɗar da ke tsakanin amino asid biyu. Daga nan ƙwayar ruwa ta shigo ta kwance sirin, gutsattsarin su fice, kwarmi ya koma fayau yana jiran na gaba.

A 1894 Emil Fischer ya kwatanta enzayim da abin da yake yi wa aiki da kwaɗo da makullinsa: makullin wani kwaɗo ba ya buɗe wani. A 1958 Daniel Koshland ya ƙara gyara, ya ce kwarmin ba sandararre ba ne, yakan ɗan motsa ya rungumi abin da ya shigo, kamar yadda tafin hannu ke dunƙulewa daidai da abin da aka ɗora masa.

Daga wannan za mu fahimci dalilin da ya sa zafi mai yawa ke kashe enzayim. Abubuwan da ke riƙe da naɗin ba su da ƙarfi sosai. In zafi ya yi yawa sai su saki, dunƙulen ya warware, amino asid ukun nan su rabu, aiki ya tsaya, ko da yake ba a cire dutse ko ɗaya daga zaren ba. Abin da ke samun farin ƙwai ke nan in an dafa shi. Tsami mai yawa ko kanwa mai yawa su ma suna yin irin wannan ɓarna. Sanyi kuwa ba ya warware naɗin, rage saurin aiki kawai yake yi, shi ya sa masu daddawa ke ƙara rufi da hunturu.

Daga ƙwayar gado zuwa enzayim

Ina bakteriya ta san jerin duwatsu 275 ba tare da ta ruɗe ba? A rubuce yake a cikin sinadarin gado da ake kira DNA. Haruffan wannan rubutu huɗu ne kacal: A, da T, da G, da C. Kowane haruffa uku suna nufin amino asid ɗaya, saboda haka duwatsu 275 suna bukatar haruffa 825. Yankin DNA da ke ɗauke da bayanin furotin ɗaya shi ake kira ƙwayar gado. A 1997 aka kammala karanta DNA na Bacillus subtilis baki ɗaya, aka tarar yana da haruffa kimanin miliyan 4.2 da ƙwayoyin gado wajen 4,100, kuma da yawa daga cikinsu na enzayim ne.

Duk lokacin da bakteriya za ta rabu biyu sai ta kwafi wannan rubutu, kuma jefi-jefi akan sami kuskuren harafi. Ɗalibin Hausa ya san abin da harafi ɗaya ke iya yi: kafa daban, ƙafa daban, baki daban, baƙi daban. Wani kuskuren ba ya sauya komai. Wani yakan lalata enzayim gaba ɗaya. Wani kuwa, can ba a rasa ba, yakan sa enzayim ya ƙara sauri, ko ya jure zafi, ko ya kama wani abin da da ba ya iya kamawa. Bakteriyar da ta dace da irin wannan sai ta fi 'yan'uwanta yaɗuwa. Yaɗuwar kuma ba ta wasa ba ce. In bakteriya tana rabuwa duk minti 20, ƙwaya ɗaya za ta haura miliyan 2 cikin sa'a 7. Ɗalibi ya gwada lissafin: ninki biyu sau 21.

Akwai wasu hanyoyi biyu da ke ƙara yawan bambancin. Ta farko, wani lokaci akan kwafi ƙwayar gado ɗaya sau biyu, ɗayan kwafin ya ci gaba da tsohon aiki, ɗayan ya yi ta sauyawa har ya koyi sabo. Ta haka ake samun dangin enzayim. Ta biyu, bakteriya kan miƙa wa maƙwabciyarta wani ɗan zoben DNA mai suna filasmid, ko da ba jinsinsu ɗaya ba.

Wannan bambanci yana cikin kwandon daddawa ma. Masu bincike da suka ware bakteriya daga daddawar wurare daban-daban a Afirka ta Yamma sun tarar furotiyes na wasu ya fi na wasu ƙarfi, kuma akwai 'yan'uwa irin su Bacillus licheniformis da Bacillus pumilus da ke taya aikin. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa daddawar wani gida ta fi ta wani daɗi. A wasu samfuran kuma akan ci karo da Bacillus cereus, wadda ke iya sa amai da gudawa. Shi ya sa ake ƙoƙarin zaɓo iri mai kyau a riƙa zuba shi tun farko, kamar yadda mai nono ke zuba tsohon nono a sabuwar madara.

Masana'antu su ma sun ci moriyar wannan bambanci. Tun shekarun 1960 ake zuba sabtilisin a garin sabulun wanki domin ya cinye tabon jini da na miya. Matsalar da aka fuskanta ita ce sinadarin bilic yana lalata amino asid na lamba 222, wanda ke maƙwabtaka da sirin mai sara. A 1985 masana a Amurka suka musanya wannan dutse guda da wani, enzayim ɗin ya daina jin tsoron bilic. A 1993 kuma Frances Arnold ta bi hanyar halitta: ta jawo kurakurai barkatai a ƙwayar gadon sabtilisin, ta zaɓi wanda ya fi, ta sake maimaitawa, har ta sami irin da ke aiki a cikin wani sinadarin narkarwa inda na asali ba ya iya kataɓus. Wannan dabara ce ta ba ta kyautar Nobel a 2018.

Enzayim mai shan jinin shanu

Mu koma Unguwar Rimi. Turawan mulkin mallaka sun kafa cibiyar nan a 1947 domin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, a 1964 kuma ta koma ta Nijeriya, tana da reshe a Vom ta Jihar Filato. Dalilin kafa ta a bayyane yake. A shekarun 1930 ciwon barci ya addabi sassa da yawa na Arewa, har aka sare kurmin bakin rafuka a yankin Anchau, aka tayar da mutane zuwa sabon gari da aka raɗa wa suna Takalafiya. Ƙudan tsando ne ke ɗauko ƙwayar tirifanosoma daga jini zuwa jini. A jikin mutum Trypanosoma brucei gambiense ce ke sa ciwon barci a yankinmu. A jikin shanu kuwa, Trypanosoma vivax da Trypanosoma congolense su ne manyan masu haddasa sammore.

Makiyayi ya san alamun: zazzaɓi, rama, raguwar nono, ɓari, da farin dasashi da na fatar ido, wanda ke nuna ƙarancin jini. Ga yadda enzayim ya shigo cikin lamarin. Kowace jar ƙwayar jini tana lulluɓe da wani nau'in sukari mai suna siyalik asid. Muddin yana jikinta, masu sharar jiki da ke cikin hanta da saifa suna ƙyale ta ta wuce. In ya zube, sai su ɗauka ta tsufa, su haɗiye ta. Tirifanosoma tana da enzayim mai suna siyalides wanda ke aske wannan sukari. Ke nan jikin saniya da kansa yake cinye lafiyayyun ƙwayoyin jininsa. Akwai wasu dalilan ƙarancin jinin, amma wannan yana cikin manya. Farfesa K. A. N. Esievo na tsangayar likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya nuna, a farkon shekarun 1980, cewa siyalik asid na raguwa a jikin ƙwayoyin jinin shanu masu ɗauke da Trypanosoma vivax daidai lokacin da jininsu ke yin ƙasa.

Ita tirifanosoma ba ta iya ƙera siyalik asid. Tana da wani ɗan'uwan wannan enzayim, tiransiyalides, wanda in ya aske sukarin sai ya liƙa shi a jikinta, wannan kuma yana taimaka mata ta rayu a cikin hanjin ƙudan tsando. Marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok, ɗan asalin ƙauyen Nok a Jihar Kaduna, ya shafe shekaru a Zariya yana nazarin waɗannan enzayim da ƙwayoyin gadonsu, abin da ya ba shi Kyautar Kimiyya ta Nijeriya ta kamfanin NLNG a 2009. Ya rasu a 2017 yana kwamishinan ilimi na jihar.

Me ya sa aka damu da wannan enzayim? Har yau babu allurar rigakafin sammore. Tirifanosoma tana sanye da rigar furotin, tana kuma da ƙwayoyin gado sama da 1,000 na sauya rigar, saboda haka kafin garkuwar jiki ta gane ta, ta riga ta sake kama. Magungunan da makiyaya ke dogaro da su, Berenil da Samorin, sun haura shekara 60 ana amfani da su, kuma a wurare da yawa ƙwayar cutar ta fara jure musu. Sai masana suka yi tunanin a bar rigar a nufi enzayim, tun da kwarmin aikinsa ba zai sauya sosai ba tare da ya lalace ba. Amma a nan ma bambancin gado ya tare hanya. A 2011 masu bincike a Jami'ar Bremen ta Jamus suka bayyana cewa ɗaya daga cikin tiransiyalides na Trypanosoma congolense yana da iri 11, masu kama da juna ƙwarai amma saurin aikinsu ya bambanta. A 2013, tare da abokan aikinsu na Zariya, suka bayyana wasu 'yan'uwansa masu halaye na daban. Duk wanda zai toshe wannan enzayim, dole ya san dangin gaba ɗaya.

Yadda bambanci ya zama magani

Bambancin nan ba kullum yake zama cikas ba. Mutum da tirifanosoma duka suna da wani enzayim da ake taƙaita sunansa da ODC, wanda ƙwayar halitta ke bukata kafin ta rabu biyu. A shekarun 1970 aka haɗa wani magani mai suna efulonitin domin ciwon daji. Yakan shiga kwarmin ODC ya maƙale har abada, kamar makullin da ya karye a cikin kwaɗo. Bai yi wani tasiri a kan daji ba, amma a 1980 aka gano yana warkar da ɓerayen da ke ɗauke da tirifanosoma, a 1990 kuma aka amince da shi domin ciwon barci. Marasa lafiyar da suka riga suka suma sun farfaɗo da shi.

Tun da maganin yana toshe na mutum da na ƙwayar cuta duka, yaya aka yi mutum ya tsira? Jikin mutum yana rushe ODC nasa ya ƙera sabo cikin ƙasa da sa'a guda. Na gambiense kuwa yakan kai kusan sa'a 18 kafin a sauya rabinsa, saboda haka in an toshe shi ya toshu. 'Yar'uwarta ta gabashin Afirka, Trypanosoma brucei rhodesiense, tana sabunta nata da sauri fiye da haka, wannan yana cikin dalilan da suka sa maganin ba ya cin ta sosai. A madubi ba a iya bambanta su biyun, amma a wajen magani bambancin rai ne da mutuwa.

Sabon magani na sha, feksinidazol, wanda hukumar magunguna ta Turai ta yi na'am da shi a 2018, ya bi wata hanyar. Ba ya zama dafi sosai sai wani enzayim na ita tirifanosomar, wanda mutum ba shi da irinsa, ya juya shi. Da ɗan gari akan ci gari. Da irin waɗannan magunguna, da gwajin jama'a, da yaƙi da tsando, adadin masu ciwon barci da ake kai rahotonsu ga Hukumar Lafiya ta Duniya ya sauko daga kusan 40,000 a 1998 zuwa ƙasa da 1,000 a 2018.

Ko gano irin tirifanosomar da ke cikin ɗigon jini a yau, da enzayim na ƙananan halittu ake yi. A 1969 Thomas Brock ya bayyana wata bakteriya, Thermus aquaticus, da ke zaune a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka. Enzayim ɗinta mai kwafar DNA yana jure zafin da ya kusa tafasa ba tare da naɗinsa ya warware ba. Da shi ake gwajin PCR, wanda ke ninka ɗan guntun DNA sau miliyoyi har a iya gane mai shi. Shi ne gwajin da aka yi ta yi lokacin annobar korona a 2020.

Gargaɗi game da maganin kashe bakteriya

Akwai wani enzayim da ya shafi kowane gida. A 1940, tun kafin fenisilin ya yaɗu a asibitoci, Edward Abraham da Ernst Chain suka gano cewa wasu bakteriya suna da enzayim mai farfasa shi, wanda yanzu ake kira bita-laktames. Duk lokacin da aka fito da sabon magani na dangin fenisilin, sauyin amino asid ɗaya ko biyu a bakin kwarmin yakan isa enzayim ɗin ya kama sabon ma. A yau an san irinsa dubbai, kuma da yawa suna kan filasmid, suna yawo daga wannan bakteriya zuwa waccan. Wanda ya sayi kafso a kemis ba da umarnin likita ba, ko makiyayin da ke ɗirka wa dabba allura da ka, yana kashe masu rauni ne ya bar wa masu wannan enzayim fili.

Gwaji domin aji

Gani ya kori ji. Malami ya tanadi yistin burodi, da ruwan haidurojin feroksaid na wanke rauni da ake samu a kemis, da kofunan gilashi uku. A jiƙa cokali ɗaya na yisti a ruwan ɗumi, a raba shi uku. Kashi na farko a bar shi haka. Na biyu a tafasa shi minti 5 a bar shi ya huce. Na uku a matsa masa lemun tsami da yawa. Sai a zuba cokali biyu na haidurojin a kowane kofi, a auna tsawon kumfar da ta taso da rula. Kumfar iskar oksijin ce da katales na yisti ke fitarwa. A kiyaye kada ruwan ya shiga ido, kada kuma a ɗanɗana. Ɗalibai su rubuta abin da suka gani, su bayyana shi da abin da suka koya game da naɗin furotin.

Kammalawa

Mun ga cewa ƙwayar gado ce ke tsara jerin amino asid, jerin ke tsara naɗi, naɗin kuma ke samar da kwarmin da ake aiki a ciki. Sauyin harafi ɗaya a farkon wannan jeri yana iya sauya abin da ke fitowa a ƙarshensa, ko a tukunyar miya ne ko a garken shanu. Bakteriyar daddawarmu, da ta nono, da ta ƙasar fadamun Kogin Kaduna, akwai sauran aiki mai yawa wajen karanta ƙwayoyin gadonsu, haka kuma rigakafin sammore yana jiran mai gano shi. Ɗalibin da ke son shiga wannan fage ya riƙe darussan kimiyyar halittu da na sinadarai da lissafi da kyau, domin su ne ake nema a Jami'ar Jihar Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello ga mai son karanta ilimin ƙananan halittu ko sinadaran jiki.

Tambayoyi

1. Me ya sa doguwar dafuwar kalwa take taimakon Bacillus subtilis maimakon ta kawar da ita?
2. Amino asid na 32 da na 64 da na 221 suna nesa da juna a zaren sabtilisin. Yaya aka yi suke aiki tare?
3. Wani enzayim yana da amino asid 400. Haruffan DNA nawa ake bukata domin rubuta jerinsu?
4. Bayyana yadda siyalides ke jawo ƙarancin jini ga saniya mai sammore.
5. Efulonitin yana toshe ODC na mutum da na gambiense duka. Me ya sa ƙwayar cutar ce ke mutuwa?